Lacca: Ɗalibin da Ke Aiki a Cikin Jami'arsa

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla. Abubuwa uku zan faɗa kan aikin da jami'a ke ba ɗalibanta a cikin harabarta.

Na farko kuɗi, kuma ba sai na ja wannan ba, kowa ya san daɗin albashi. A Amurka tun 1964 gwamnatin tarayya ke tallafa wa tsarin, tana biyan kaso mafi tsoka na ladan ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi, makaranta ta cika sauran.

Na biyu, yauwa, nan nake son zuwa. Mai ba ka aikin ya san kai ɗalibi ne. A waje ka ce gobe kana da jarrabawa, sai a ce ina ruwan wani. Idan kuwa a ɗakin karatun jami'a kake aiki, kai da ma'aikaciyar wurin kalandarku ɗaya, ita ma ta san makon jarrabawa. Ka yi shekara biyu kana mayar da littattafai mazauninsu, tana ganin lokacin da kake isowa, ta ga ranar da wani ya zo yana kumfar baki kan tarar da aka ci shi, ka lallashe shi. To, ranar da za ka nemi takardar shaidar hali, malamin da ya koyar da ku ku ɗari uku me zai rubuta? Lambarka kawai ya sani! Lambarka, na ce. Ni ma malami ne, kada ku kai ni ƙara. Ita kuwa da idonta ta gani. Kwalejin Berea da ke jihar Kentucky a Amurka ba ta karɓar kuɗin karatu tun 1892, amma kowane ɗalibi sai ya yi aikin awa 10 a mako, kuma bayan sakamakon karatu, har takardar sakamakon aiki ake ba shi.

Na huɗu… na uku ne? To, na uku, sanin darajar lokaci. Na'am, ƙanwata, ga hannunki a sama.

Tana tambaya ko aikin ba zai cinye karatun ba. Zai iya, wallahi, idan awanni suka yi yawa. Ɗalibin waje a Amurka, bizarsa awa 20 a mako ta yarje masa lokacin zangon karatu, kuma ni a ganina ɗan aji ɗaya ya tsaya a rabin haka. Ki fara kai musu jadawalin darussanki tukuna, sannan a yanka miki awanni.