Yadda Haraji Ya Cika Titunan Norway Da Motocin Lantarki

Masu kallo, a cikin kowaɗanne sababbin motoci goma da aka sayar a ƙasar Norway a shekarar 2024, kusan tara masu aiki da lantarki zalla ne, alhali ƙasar tana sahun gaba wajen sayar wa Turai ɗanyen mai da iskar gas.

Da haraji gwamnati ta cimma wannan. Tun da daɗewa Norway tana ɗora wa motocin fetur da dizal haraji mai nauyi a lokacin saye, sai ta ɗauke wa motar lantarki wannan nauyi tun daga 1990, sannan a 2001 ta yafe mata harajin VAT da ake ɗorawa a kan farashin kaya. Aka ƙara da yafe kuɗin wucewa a ƙofofin hanya, da ajiye mota kyauta a wuraren ƙananan hukumomi, da izinin bin layin da aka keɓe wa motocin bas. Da yake kusan duk wutar ƙasar daga madatsun ruwa take fitowa, caji bai yi tsada ba, kuma hayaƙin da aka rage a titi bai koma fita daga tashoshin kwal ba.

Sai dai harajin da aka yafe kuɗi ne da baitulmali ya rasa, kuma wanda ya fi cin moriyarsa shi ne mai halin sayen sabuwar mota, musamman mai tsada. Wanda ke hawa bas ko jirgin ƙasa bai samu kaso daidai da wannan ba. A ganina nan ne tsarin ya fi rauni, domin motar lantarki tana cin fili a titi kamar kowace mota, har ta kai a Oslo, babban birnin ƙasar, direbobin bas sun yi ta kokawa cewa layinsu ya cunkushe.

Saboda haka gwamnati ta fara janye hannu sannu a hankali. An dawo da kuɗin ƙofofin hanya a kan rangwame, kuma a 2023 aka sa duk motar lantarki da farashinta ya haura krone 500,000 na kuɗin Norway ta riƙa biyan VAT a kan abin da ya ɗara wannan adadi, tare da sabon haraji bisa nauyin mota.