Idan Manhajar Gyaran Kwamfuta Ta Ƙi Buɗewa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Iyayenmu a wannan sana'a, 'yan'uwana masu shaguna, da ƙannenmu masu koyon aiki, ina yi muku barka da zuwa. Abin da aka nemi in yi bayani a kai matsala ce da kusan kowa a wannan zaure ya taɓa karo da ita. An kawo maka kwamfuta ba ta da lafiya, ka ɗauko manhajar da kake gyara da ita, ka danna ta sau biyu, sai ta ɗan leƙo a allo ta ɓace, ko kuma alamar linzami ta yi 'yan juyi ta tsaya, shiru kake ji. Zan tsaya a kan Windows, domin ita ce ke kan mafi yawan kwamfutocin da ake kawo mana, ko a Farm Centre ta Kano mutum yake ko a Banex ta Abuja.

Abin da nake so mu fara fahimta shi ne, manhajar gyara ba daga waje take aiki ba. Cikin kwamfutar da ake son gyarawa take shiga, kuma da fayilolinta da RAM ɗinta, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, da had-dis ɗinta, wato ma'ajiyar fayilolinta, take tsayuwa. Misalinta kamar mai yasar rijiya ne da ya sauka da igiyar masu gida. In igiyar ta ruɓe, shi ne zai fara faɗawa, alhali babu abin da ya samu ƙwarewarsa. Saboda haka faɗuwar manhajar gyara, sau da yawa, ita ce alamar farko ta ciwon da aka kawo maka, kuma wanda ya yi tsaki ya goge ta ya sauko da wata ya zubar da shaidar da ta fi kowace kusa da shi.

Tambayar farko mai sauƙi ce: laifin kwafin manhajar ne, ko na kwamfutar? A ɗauki wannan kwafi ɗin a filash, a kai shi kan wata kwamfuta mai lafiya. Idan can ma ya ƙi tashi, to kwamfutar kwastoma ta fita daga zargi, sai a koma kan kwafin. Wataƙila intanet ta yanke ana cikin saukewa, fayil ɗin bai cika ba. Wataƙila kuma yaron shago ya buɗe ta tun tana cikin ƙunshin ZIP bai warware ba, wanda hakan kan sa babban fayil ya tashi shi kaɗai, ya nemi 'yan rakiyarsa ya rasa, ya rufe kansa. Haka nan manhajar kariya takan ɗauke fayil guda daga cikin jakar ta killace shi ba tare da wani dogon bayani ba, kuma za a ga hakan a Windows Security, a wurin da aka rubuta Protection history.

A nan ina da ra'ayi, kuma na san ba kowa zai ji daɗinsa ba. Yawancin kayan aikin da ke yawo a tsakaninmu daga filash zuwa filash fasassu ne, wani ne ya taɓa cikinsu domin su yi aiki ba tare da an biya ba, kuma babu wanda ya san abin da ya ƙara bayan abin da ya cire. A 2017 wasu sun kutsa suka cusa muguwar manhaja cikin CCleaner, manhajar share tarkace a kwamfuta, bugu na 5.33, kuma mutane fiye da miliyan 2 suka sauke ta ta hanyar kamfanin kansa. Idan abin da ya fito ta ƙofar kamfani zai iya zuwa da cuta, ina ga wanda aka tura maka a WhatsApp? Kashe manhajar kariya a kwamfutar kwastoma domin fasasshen kwafi ya samu shiga cin amana ne, ko da mai kwamfutar bai sani ba.

Idan kuwa kwafin ya buɗe lafiya lau a wata kwamfutar, to ciwon yana gida, kuma a nan ne yawancinmu muke fara canki-canka, alhali Windows ta riga ta rubuta abin da ya faru. A dubi agogo, a danna manhajar ta faɗi, sannan a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta eventvwr.msc. A ɓangaren hagu a buɗe Windows Logs, a shiga Application, a nemi jan layin da lokacinsa ya yi daidai da wanda aka gani a agogo. Galibi lambarsa 1000 ce. A ƙasa za a ga rubutu mai yawa, amma layi biyu ne abin nema: wanda ya fara da Faulting module name, mai faɗin sunan fayil ɗin da aka yi tuntuɓe a cikinsa, da kuma Exception code, mai faɗin irin tuntuɓen. Ina roƙon masu koyo su riƙa kwafe waɗannan layuka biyu a takarda kafin su taɓa komai.

Karanta su yana buƙatar nutsuwa. Idan sunan fayil ɗin ya fara da nv, ko ati, ko ig, hankali ya koma kan direban hoto, wato manhajar da ke sarrafa na'urar nuna hoto a allo, na Nvidia ko AMD ko Intel, sai a sabunta shi ko a mayar da tsohon da yake aiki. Idan sunan na wata manhaja ce daban, misali ta kariya, to ita ce ta cusa kanta cikin aikin wata. Amma idan aka ga ntdll.dll ko KERNELBASE.dll, kada a yi saurin ɗora musu laifi, domin sau da yawa a wurinsu ne kawai aka sanar da faɗuwar, musabbabinta kuwa yana wani wuri. Lambar 0xc0000005 tana nufin manhajar ta taɓa wani sashe na ƙwaƙwalwa da ba a ba ta izini ba. Lambar 0xe0434352 kuwa tana nuna cewa manhajar a kan .NET, wani tsarin gina manhajoji na Microsoft, aka gina ta, kuma kusa da wannan layi akan sami wani mai lamba 1026 wanda yake kawo cikakken bayani. Tsofaffin kayan gyara da dama suna neman .NET Framework 3.5, wanda a Windows 10 da 11 a kashe yake zuwa, sai an shiga Windows Features an kunna shi.

Wani lokaci ba a ma buƙatar tono, domin saƙo ne yake fitowa ƙarara cewa ba a sami wani fayil ba, kamar MSVCP140.dll ko MSVCR100.dll. Waɗannan na Visual C++ Redistributable ne, kayan Microsoft da manhajoji da yawa suke jingina da su, kuma lambar da ke cikin sunan tana faɗin wanda ake nema: 100 na 2010 ne, 110 na 2012, 120 na 2013, 140 kuwa na 2015 da waɗanda suka biyo bayansa. Sabon ba ya maye gurbin tsohon, shi ya sa ake ganinsu a jere a kwamfuta ɗaya, kuma kuskure ne a goge su da sunan shara. Abin da na fi gani a shaguna shi ne, mutum ya rubuta sunan fayil ɗin a Google, ya sauko da shi daga wani shafi, ya jefa shi cikin System32, sai saƙon ya sauya zuwa 0xc000007b, shi kuma ya ɗauka an samu ci gaba. Wannan lamba galibi tana nufin an haɗa manhaja mai bit 32 da fayil mai bit 64, wato tsarin gini biyu da ba sa jituwa, ko akasin haka. Akwai kuma tarko a cikin sunayen: a Windows mai bit 64, jakar System32 ita ce ke riƙe da fayiloli masu bit 64, masu bit 32 kuwa suna cikin SysWOW64. Maganin shi ne a cire abin da aka jefa, a sauko da cikakken kunshin daga shafin Microsoft, a girka na x86 da na x64 duka biyun, domin manhaja mai bit 32 na x86 take nema ko da kwamfutar mai bit 64 ce.

Kwamfutocin gwanjo masu Windows 7 suna da tasu matsalar. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairu, 2020, kuma sababbin manhajoji da yawa ba sa tashi a kanta ko me aka yi, sai dai a nemi tsohon bugu. A irin waɗannan kuma a dubi kwanan wata, domin idan ƙaramin batirin agogo, wato CR2032, ya mutu, kwamfutar takan koma shekarun baya, manhajar da ke tantance lasisi kuma ta ƙi yarda.

Akwai wani musabbabi da ɗauke wuta yake jawo mana fiye da yadda muke zato. Manhaja tana ajiye saitinta a ƙaramin fayil, yawanci cikin jakar AppData, kuma idan wuta ta tafi tana tsakiyar rubuta shi, fayil ɗin zai zauna rabi da rabi. Duk lokacin da ta tashi sai ta karanta shi ta faɗi. Cirewa da sake girkawa ba ya magance wannan, saboda cirewar ba ta cika taɓa wannan jaka ba, shi ya sa za ka ji mutum yana rantsuwa cewa ya sake sa ta amma abin yana nan. A rubuta %appdata% a wurin nan na Windows da R, a nemi jakar manhajar, a sauya mata suna maimakon a goge ta, domin a iya dawo da ita idan ba ita ce ba. Buɗe sabon asusun mai amfani a gwada a ciki ma yana bayyana irin wannan.

Sai kuma bairos da yake farautar kayan gyara da gangan. Alamarsa ita ce sauran manhajoji suna buɗewa, amma na kariya da Task Manager da makamantansu suna rufewa nan take. Wasu da suna suke gane abokin gabarsu, don haka sauya sunan fayil ɗin manhajar zuwa wani suna na daban kan sa ta wuce, kuma idan hakan ta faru an riga an san da wa ake faɗa. Idan ana zargin wata manhaja mai tashi tare da Windows ce ke yin karo, a gwada a Safe Mode, wato yanayin da Windows ke tashi da muhimman kayanta kawai. In ta buɗe a can, a rubuta msconfig a wurin nan na Windows da R, a shiga jerin hidimomi, wato manhajojin da ke aiki a bayan fage, a ɓoye na Microsoft, a kashe sauran, sannan a riƙa kunna rabi ana gwadawa. Wanda yake da hidimomi 32, ta wannan hanya sau biyar kawai zai sake kunna kwamfutar ya kama mai laifin. Sharaɗin dai abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, in ba haka ba ko an warke ba a san abin da ya warkar ba, gobe kuma a sake lalube.

Idan duk wannan bai kai ga gaci ba, sai a duba fayilolin Windows kanta. A buɗe Command Prompt da izinin mai gudanarwa, a fara da DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, wanda yake buƙatar intanet, bayan ya gama a bi shi da sfc /scannow, domin waɗannan umarni biyu su ne ke duba fayilolin Windows su gyara waɗanda suka lalace. Amma a lura da abin da aka kwafa a takarda: idan sunan fayil ɗin da ake tuntuɓe a cikinsa yana sauyawa duk lokacin da aka gwada, kuma wasu manhajojin ma suna faɗuwa haka kawai, zargi ya koma kan RAM ko had-dis. Windows tana da magwajin RAM da ake kira da mdsched, kuma mai sanda biyu na RAM yana iya cire ɗaya ya gwada ɗaya.

Wani ɗan'uwa daga baya yana tambaya, me zai hana a yi fomatin kawai, wato a goge komai a girka sabuwar Windows, a huta. Alhaji, fomatin yana da ranarsa, ban hana ba. Sai dai idan RAM ce ta lalace, sabuwar Windows ɗin ma faɗuwa za ta yi, kwastoma ya dawo maka da ita cikin mako. Idan kuma had-dis ne yake mutuwa, wahalar girka Windows tana iya ƙarasa shi da takardun mutane a ciki. Kafin a kai ga nan, a tayar da kwamfutar daga filash mai ɗauke da tsarin aiki nasa na kansa, ta yadda kayan gyaran ba su dogara da Windows mai ciwon ba, a kwashe fayilolin mai ita zuwa wani wuri, a nuna masa ya tabbatar sun cika, sannan a yi shawarar fomatin tare da shi. Akwai wata tambayar? Bismillah, Malama.