Mutum ɗaya a madadin talatin: hira kan bincike mai mataki biyu

Zainab: Assalamu alaikum masu sauraro. Tun makon jiya saƙonni suke shigowa kan bincike mai mataki biyu, wato a fara tace jama'a da yawa sannan a yi wa wasu daga cikinsu cikakken gwaji, wata ɗaliba ma ta ce mun hana ta barci. Malam Habu, kai ka tayar da ƙurar nan, sai ka kwantar da ita.

Habu: Ai gara ta rasa barcin yanzu da ta rasa shi ranar kare digiri. Bari in kawo misali, amma lambobin nawa ne na ƙirƙira don bayani. A ce kun tace mutum 10,000 da tambayoyi masu sauƙi, 1,000 suka nuna alamar cuta, 9,000 ba su nuna ba. Gwajin gaskiya yana da tsada, sai kuka ɗauki 500 daga masu alama, 300 daga marasa alama. Cikin 500 aka samu 200 da cutar, cikin 300 aka samu 6. Nura, cutar kashi nawa ce?

Nura: Mutum 206 cikin 800, Malam. Kusan kashi 26 cikin ɗari.

Habu: To ka ga ramin da kowa ke faɗawa. Kai da hannunka ka cika kwandon da masu alama, sannan kana mamakin yawan marasa lafiya. Kowane ɗaya cikin 500 ɗin nan yana wakiltar mutum 2, kowane ɗaya cikin 300 yana wakiltar mutum 30. Kenan 400 a tara da 180, ya ba ka 580 cikin 10,000. Kashi 5.8.

Zainab: Daga 26 zuwa ƙasa da 6! Innalillahi.

Habu: Dabarar masana ƙididdiga Horvitz da Thompson ke nan ta 1952: ka ba kowa nauyi gwargwadon wuyar zaɓo shi. Shi kansa ɗibar samfuri sau biyu, Neyman ya yi rubutu a kai tun 1938.

Nura: Tsaya Malam, wato akwai bawan Allah yana zaune a gida bai san shi mutum talatin ba ne?

Zainab: Da kai ne, Nura, da ka nemi kujera talatin a ɗakin nan.

Nura: Anti Zainab, ni ko nauyi biyu aka ba ni na gode. Ɗaya ya zo fodkas, ɗaya ya ci gaba da barci.

Zainab: Ai dama wanda ke barcin ne yake zuwa mana kullum.

Nura: To a lissafin Malam, in na makara sau ɗaya, an rubuta talatin ke nan?

Habu: Wasa kake, amma ciwon dabarar ke nan. Da 7 aka samu maimakon 6, da mutum 30 sun ƙaru lokaci guda, kashi 5.8 ya koma 6.1. Mutum ɗaya tak! Shi ya sa tazarar amincewa, wato iyakokin da ake sa ran amsar gaskiya tana tsakaninsu, take faɗi, kuma wanda ya lissafa ta kamar samfuri ne na kai tsaye da kowa ke da damar zaɓe iri ɗaya, ƙarya yake yi wa kansa. Amma abin da ya fi ba ni haushi, masu cewa marasa alama ai lafiyarsu ƙalau, kada a ɓata kuɗi a kansu. Ka jefar da 180 ɗin, ka ce kashi 4. Kuma babu gyara a bayansa, domin wanda damar zaɓensa sifili ce ba ya da nauyin da za a ɗora masa. Begg da Greenes sun yi magana kan irin wannan karkatar tun 1983.

Zainab: Amma Malam, binciken yawan tarin fuka fa? Ai wanda tambayoyi ko hoton ƙirji suka nuna shi ake karɓar majinarsa.

Habu: Gaskiya ne, shi ya sa ake haɗa matata biyu don kada mutane su zurare. Duk da haka zato ne aka ɗora lissafin a kai, cewa wanda matatan biyu ba su kama ba ba ya da cutar, kuma ya kamata mai rubuta rahoto ya faɗi hakan ƙarara.

Nura: In kuma ba yawan cutar nake nema ba, alaƙarta da wani abu nake nema?

Habu: Nan ne lojistik, wata dabarar lissafin alaƙa, ke shigowa, tunda sakamakon e ne ko a'a. Emily White a 1982 ta kawo shawarar a zaɓi mutanen mataki na biyu bisa cutar da kuma abin da ake zargi, in dukkansu ba su da yawa. Breslow da Cain suka fito da yadda za a gyara lissafin a 1988. Misalin da nake so shi ne na sankarar ƙoda ta yara, ta Wilms, a Amurka. Asibitin yaro ya duba tsokar, babban ɗakin gwaji ma ya duba. Breslow da Chatterjee a 1999 suka yi kamar sakamakon babban ɗakin na wasu yara kaɗan kawai suke da shi, don su ga wace dabara ce za ta fi kusantar amsar da aka riga aka sani. Bayanan suna cikin manhajar ƙididdiga ta R, yara 4,028, kowa na iya gwadawa da kunshin survey na Thomas Lumley.

Zainab: Malam, lokaci. Mun yi alkawarin faɗa musu dabarar da za su zaɓa.

Habu: A gurguje: ta nauyi ta fi jure kuskuren tsarin lissafi, ɗaya dabarar kuma da ake kira ta mafi yiwuwa ta fi tsuke tazara in tsarinka daidai ne. Robins, Rotnitzky da Zhao kuma a 1994...

Nura: Malam, fitilar ja ta kama.

Zainab: Sai mako mai zuwa. Nura, ka turo mana wanda yake farke.