Darasi: Yadda Ake Bibiyar Matakan Girman Yaro Daga Haihuwa Zuwa Shekara Biyu

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Ina kyautata zaton kowa ya ɗauko katin awon yaronsa da littafin rubuta matakan girmansa da muka ce a tanada, saboda haka ba zan tsaya kan nauyi da tsayi ba, wannan kun riga kun iya. Yau za mu duba abin da sikeli ba ya nunawa, wato lokacin da yaro ke riƙe wuya, ya zauna, ya taka, ya kuma fara magana.

Abin da nake so ya zauna muku shi ne, babu wani mataki da ke da rana guda tsayayya, kowanne tazara gare shi. A shekarar 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon bibiyar yara 816 a ƙasashe biyar, Ghana da Indiya da Norway da Oman da Amurka, aka ga cewa yara masu ƙoshin lafiya suna zama ba tare da an tokare su ba tun daga kusan wata 4 har zuwa wata 9, tafiya da ƙafarsu kuwa daga wata 8 har kusan wata 18. Kun ga tsakanin wanda ya yi saurin tafiya da wanda ya yi nawa akwai kusan wata goma, alhali dukansu lafiyarsu ƙalau. Haka kuma kimanin yara 4 cikin 100 ba su yi rarrafe da gwiwa da hannu ba sam, wasu jan gindi suka yi, wasu kuma kai tsaye suka dafa suka miƙe.

To, kafin ku rubuta komai, sai an gyara lissafin shekarun yaro idan bakwaini ne, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin wurin nan ya taɓa wahalar da ni. Duk wanda aka haifa kafin ciki ya cika mako 37 bakwaini ne. Mu ɗauka an haifi yarinya a mako na 32, yau kuma watanta 6 a duniya. Sai ku cire 32 daga 37, ya rage biyar. A'a, ku gafarce ni, ku goge wannan, kuskuren da nake shirin gargaɗinku a kansa ne na faɗa ciki. Daga 40 ake cirewa, domin mako 40 ne cikar ciki, 37 iyaka ce kawai da ake tantance bakwaini da ita. Saboda haka 32 daga 40, saura mako 8, wato kusan wata biyu. Sai ku cire wata biyun nan daga wata 6, ya zama yarinyar nan da ma'aunin 'yar wata 4 za a auna ta. Idan tana riƙe wuya sosai, tana kai hannu baki, tana ƙyalƙyala dariya, to tana kan hanya, ko da ba ta fara zama ba. Lokacin da aka haifi ɗiyar ƙanwata da saura mako bakwai, ni da kaina na yi wannan lissafi da 37, muka yi makonni cikin fargabar da ba ta da tushe, sai da wata ma'aikaciyar jinya ta gyara mini. Ana ci gaba da wannan ragi har yaro ya cika shekara biyu. Amma fa ku lura, allurar rigakafi ba ta bin wannan lissafi, ranar haihuwa ta ainihi take bi.

Yanzu sai gwajin da za ku yi da kanku. Murmushin da jariri ke mayarwa a wata 2 kowa ya san shi, mu wuce. Wanda na fi so shi ne na wajen wata 9 zuwa 12. Ku zaunar da yaro, ku nuna masa abin wasan da yake so har idonsa ya kafu a kai, sannan ku rufe abin da ƙyalle yana kallo. Ɗan wata 5 zai kau da kai kamar abin ya bar duniya, amma wanda ya doshi shekara zai tsaya cak, ya miƙa hannu, ya yaye ƙyallen, domin ya gane cewa abin da ido bai gani ba yana nan. Ku kuma duba yadda yake tsintar ƙaramin abu. Da farko da tafin hannu yake sharo shi, daga baya sai ku ga babban yatsa da manuniya sun haɗu sun tsinke shi tsaf. Daga ranar nan kuma sai a ƙara tsaftace ƙasa, don duk abin da ya tsinta baki zai kai.

Ana yawan tambayata game da keken koyon tafiya mai tayoyi. Ni dai ba na ba da shawarar a saya, domin ba ya gaggauta tafiya, ga haɗarin gangarawa daga matakala, har ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004. Na fi son a shimfiɗa wa yaro a ƙasa, a kwantar da shi ruf-da-ciki idan idonsa biyu kuma ana kallonsa, barci kuwa a rigingine. 

Game da magana, jerin alamomin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta sabunta a 2022 ya dogara ne kan abin da aƙalla yara 75 cikin 100 ke iyawa a wannan lokaci, kuma a cikinsa ɗan shekara biyu yana haɗa kalma biyu, irin su "ba ni" ko "Baba zo". Idan harshe biyu ake yi a gida, ku haɗa kalmomin duka biyun ku ƙirga. Nuni da yatsa ma ku rubuta shi, domin yaron da ya nuna tsuntsu sannan ya waigo ya dubi fuskarku ya riga ya fara hira.

Duk da faɗin tazarar nan, akwai inda ba a jira. Yaron da bai zauna ba a wata 9, ko bai taka ba a wata 18, ko ba ya gwaranci kuma ba ya juyowa idan an kira sunansa a wajen shekara guda, a kai shi a duba, a kuma nemi a gwada jinsa. Haka nan wanda ya fifita hannu ɗaya ƙarara tun kafin ya cika shekara, ɗayan kuma yana dunƙule. Mafi gaggawa shi ne yaron da ya iya abu sannan ya daina, ko kalma ce ko zama ko kallon ido, wannan ko watansa nawa ba a cewa a bari a gani. Idan za ku je, ku tafi da littafin, ku kuma ɗauki ɗan gajeren bidiyo a waya tun a gida, domin yara kan ƙi yin komai da zarar sun shiga ɗakin likita.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗora daga shekara biyu zuwa biyar.