Hular da ke tsakanin wuƙaƙe biyu a kuɗin Burutus

Hoton wata tsohuwar tsabar azurfa ta Romawa, mai hula tsakanin wuƙaƙe biyu a bayanta, yana ta yawo a intanet, ana cewa fuskar shugaban Rum Juliyas Kaisar ce a gabanta, abin da ke bayanta kuma kwalkwalin yaƙi ne. Ko ɗaya ba haka ba ne.

Romawa sun fara buga irin wannan kuɗi wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa, suna tsaka da yaƙi da Hanibal, sarkin yaƙin Kartaj ta Arewacin Afirka. Abubuwan bautarsu da kakanninsu suke sa wa, domin a al'adarsu sarki ne ke buga fuskarsa a kuɗi yana raye, su kuwa sun tsani sarauta. Kaisar ya keta wannan al'ada a farkon shekara ta 44, kuma ranar 15 ga Maris ta wannan shekarar 'yan majalisar dattawa suka kashe shi da wuƙaƙe.

To, ku dubi bayan kuɗin da kyau. Abin nan da ke tsakanin wuƙaƙen biyu ba shi da baki, ba shi da abin kare kunci, hula ce ta ulu mai laushi. Idan ubangida ya 'yanta bawansa a Rum, akan aske masa kai ya sa irin wannan hula, duk wanda ya gan shi a kasuwa ya san ya zama ɗa. Saboda haka saƙon a fili yake ko ga sojan da bai iya karatu ba: Rum baiwa ce a hannun Kaisar, waɗannan wuƙaƙe suka 'yanta ta. Rubutun da ke ƙasa kuwa, EID MAR, ranar kisan ce, wato tsakiyar Maris.

Yanzu mu juya gaban kuɗin. Fuskar Burutus ce, ɗaya daga cikin jagororin kisan, ga sunansa nan a gefe. A ganina nan ne abin dariyar yake, domin laifi tudu ne: mutumin da ya kashe Kaisar bisa zargin neman sarauta, bayan shekara biyu kacal ya buga tasa fuskar.

An buga kuɗin ne a shekara ta 42 don biyan sojojinsa. A watan Oktoba Antoni da Oktabiyan, magoya bayan Kaisar, suka murƙushe rundunarsa a Filibi, arewacin Girka, Burutus ya kashe kansa.