Yaron da Kuka Tura Tafsiri Ƙasar Gana: Yadda Yake Wuni da Yadda Yake Sallah

(An yi wannan lacca a harabar wata makarantar Islamiyya a wani ƙauye na ƙasar Ringim, Jihar Jigawa, cikin watan Sha'aban. Daga rikodin waya aka kwafo ta, an rage gaishe-gaishe da maimaici.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ina gaida mai gari, ina gaida liman da na'ibinsa, da iyayenmu mata da ke bayan zana suna saurare ta lasifika.

An ce in yi magana a kan samarinmu da ake ɗauka idan azumi ya kawo jiki, a kai su wata ƙasa su yi tafsiri, ko jan baƙi, ko limancin asham. Wasu Nijar, wasu Kamaru, wasu Chadi, wasu Gana. Ni kan Gana zan tsaya, don ita na zauna na sani. Kuma ga masu shirin tafiyar bana nan a sahun gaba suna sunkuyar da kai, to da ku nake, amma rabin maganar ta iyayenku ce.

Abin da kuke gani a gida shi ne bidiyon minti uku da ake turowa ta WhatsApp: yaro ya sha farar shadda, ga makirufo a gabansa, ga jama'a maƙil. Sai a ce wane ya haye. Wannan awa ɗaya ce a cikin wuninsa. Sauran awa 23 ɗin a gidan wani yake yin su, yana cin abincin wani, yana kwana a ɗakin wani, kuma a cikinsu ne ake karɓar wa'azinsa ko a watsar da shi.

Hanyar ba sabuwa ba ce. Kakanninmu sun bi ta da jakuna zuwa Gwanja, a arewacin Gana ta yau, su kai kanwa da baƙin Kura da fata, su juyo da goro daga kasuwar Salaga, tafiyar watanni. Kowane ayari yana da madugu, yana da jagaba, yana kuma da malaminsa. Da yawa daga malaman nan ba su dawo ba. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna a Salaga, bayan yaƙin basasar garin na 1892 ya koma Kete-Karaki, a can ya karantar har ya rasu a 1934. Daga zangon da fatake suke yadawa ne aka samo sunan zango da ake kiran unguwanni irin su Nima da Sabon Zango a Akara, da Aboabo da Asawase a Kumasi. Ina faɗin wannan ne don kada yaro ya sauka yana ganin shi ya kai musu Musulunci. Akwai gidajen da za ka shiga ka tarar da littattafan da suka girmi kakanka.

Yau a mota ake zuwa, ko jirgi in masu gayyata sun yalwata. Daga Kano zuwa Legas, a tsallaka Seme a shiga Binin, a ratsa Togo, a shiga Gana ta Aflawo, sannan daga Akara a ƙara wajen kilomita 250 zuwa Kumasi. Kuɗi kala uku za ka riƙe: naira, sefa, sidi. Ka tafi da fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin shawara. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ka kwana 90 ba biza, wanda ya ishe ka har ka dawo. Wanda ya ce maka taho kawai za mu san yadda za a yi a boda, ka ce masa Allah ya ba da haƙuri.

To ka isa. Bari in ɗauke ku wuni guda.

Ƙarfe uku da rabi na dare za a ƙwanƙwasa ƙofa, yaron gida ya ajiye tire. Ka buɗe kwano, ka ga dokunu naɗe a ganyen masara, ga niƙaƙƙen barkono ja zur, ga soyayyen kifi. Dokunu ƙullun masara ne da aka bari ya yi tsami aka dafa. Kai kuwa cikinka ya saba da ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka, ka kora da fura. Daren farko za ka ɗan taɓa ka rufe. Matar gidan za ta duba kwanon da safe, kuma abin da ta gani a ciki shi za ta ɗauka a matsayin ra'ayinka game da gidanta. Don haka ka ci. In barkono ya fi ƙarfinka, ka faɗa wa yaron a hankali cewa cikinka ne bai saba ba, a rage. Kada ka mayar da kwano a cike kana shiru, kada kuma ka zauna a majalisa kana ba da labarin daɗin abincin Kano. Da yamma dai za ka huta, don kokonsu da ƙosai irin namu ne, har sunan Hausawa suke kiran kokon da shi, ga kuma wake da shinkafa da suke dafawa da karan dafi.

Bayan asuba ba barci. A nan ne aikin yake. Ka baje Jalalaini a tabarma, ka bi ayoyin yau ɗaya bayan ɗaya, ka duba abin da ya shige maka duhu a Ibn Kasir, ku zauna da alaramma mai jan baƙi ku daidaita inda zai tsaya da inda za ka ɗauka. Ku tambaya tun ranar farko ko Warshu masallacin ya saba ji ko Hafsu. Sannan ka sake tace Hausarka. Hausar zango daban take da tamu, kuma samari da yawa Turanci da yaren Asante sun fi zama a bakinsu. Karin maganar da za ta sa mutanen Ringim dariya, a can sai ka ga an yi tsit ana kallonka. Ka rage sauri, ka gajarta jimla, in akwai tafinta ka ba shi fili.

Da hantsi garin zai nuna maka ba gida kake ba. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi wajen kashi 20 cikin ɗari ne na mutanen Gana, Kirista sun haura kashi 70. Ka fita daga zango kaɗan, kasuwar Kejetiya tana ci kamar kullum, mai abinci tana zubawa, coci na kiɗa. Ba wanda ya yi maka laifi, ƙasarsu ce, kuma za ka ga mutanen zango suna zaune lafiya da su, wani gidan ma uwa ɗaya uba ɗaya addini biyu. Sai zafi. Namu zafin busasshe ne, ka shiga inuwar darbejiya ka samu sauƙi. Nasu na gumi ne, ka wanke riga da safe har la'asar tana da danshi, ga sauro. Ka tafi da gidan sauro, in zazzaɓi ya kama ka ka je a gwada jininka, kada ka ce kunya kake ji.

Daga azahar zuwa la'asar masu tambaya ne. Kuma ba fassarar aya suke zuwa tambaya ba. Wannan ya saki matarsa cikin fushi, wancan rabon gadon gida ne ya haɗa shi da 'yan'uwansa, wata ta aiko da takarda a ninke ta hannun ɗanta. Kai shekararka 25, an sa maka rawani, ana ce maka Shehi. Nan ne wajen zamewa. Rikicin da ka tarar ya girme ka a garin, kuma wanda ya fara zuwa wurinka ba lalle shi ne mai gaskiya ba, wataƙila malaman gari sun riga sun yanke masa hukuncin da bai so, yana neman baƙon da zai ba shi wani. Ka ce masa mu je wurin liman tare. Haka batun ƙabalu da sadalu, da ɗariƙa da Izala. Su ma sun sha nasu rikicin a kan wannan, sun san ɗacinsa, ba sa bukatar ka ɗauko namu a jaka ka kai musu. Lokacin da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya aiki Mu'azu ɗan Jabal da Abu Musa zuwa Yaman, abin da ya ce musu shi ne su sauƙaƙa kada su tsananta, su yi bushara kada su kore mutane, su haɗa kai kada su saɓa. Mus'abu ɗan Umairu kuma, saurayin da aka tura Madina kafin Hijira, a gidan As'adu ɗan Zurara ya sauka. Usaidu ɗan Hudairu ya zo masa da mashi a hannu zai kore shi, shi kuwa ya roƙe shi ya zauna ya saurara, in bai ji daɗi ba za a daina. Zaman nan ne ya jawo Usaidu, ya jawo Sa'adu ɗan Mu'azu, ya jawo dangin su gaba ɗaya.

Ga wani ƙaramin abu da iyaye mata ya kamata su sani. Agogon Gana yana bayan namu da awa ɗaya, rana kuma tana faɗuwa a Kumasi wajen minti 40 bayan ta faɗi a nan. Uwa ta sha ruwa, ta ɗauki waya ta kira ɗanta tana tambayarsa ya sha ruwa lafiya, ana jin ƙarar ludayi da hayaniyar ƙannensa. Shi kuwa yana zaune a bakin masallaci da busasshen maƙoshi, yana jin gidansu a kunne. Inna, ki bari sai bayan asham.

Sai goman ƙarshe, a ƙara tahajjudi a kan asham da tafsiri, murya ta dushe, barci ya zama na tsinta-tsinta. Sai Sallah.

Ranar Sallah mutanen zango ba su da rowa. Za a ɗinka maka kaya, a sa ka a sahun gaba a filin idi, a zaga da kai gaida sarkin zango da manyan unguwa, ko'ina a ajiye maka abinci. Gwamnati ma tana ba da hutu. Amma da azahar ta yi, kowa ya shige cikin danginsa, kai kuma ka koma ɗakin baƙi ka zauna da waya. Ka ga hotunan hawan sarki a Ringim, ka ga ƙannenka da lalle, ka ga ɗanka na fari cikin rigar da ba ka ga ɗinkinta ba. Babu wanda ya wulakanta ka, amma na san malamai masu gemu da suka rufe ƙofa a wannan lokacin. Kada wani ya ce raunin imani ne. Maliku ɗan Huwairisu ya ce sun je wurin Annabi suna samari tsara ɗaya, suka yi kwana 20, da ya lura sun yi kewar iyalansu sai ya tambaye su wa suka baro a gida, ya ce su koma cikinsu su karantar da su. Bai yi musu faɗa ba.

Yanzu maganar da ba a so. Kuɗi. Yawanci ba a yin ciniki, ana cewa aikin Allah ne, sai ranar tahowa a miƙo ambulan. Wani ya samu abin kirki. Wani kuwa in ya canja sidin zuwa naira, ya cire kuɗin mota da tsarabar da ake jira, ba abin da zai rage. Na san wanda masu gayyatarsa suka yi ta ce masa gobe, gobe, har ya kwana goma bayan Sallah bai da kuɗin dawowa, sai wani ɗan kasuwa ne ya tausaya masa. Saboda haka malamin da ya haɗa tafiyar shi zai yi magana, ba yaron ba, don yaro ba zai iya buɗe baki ba. A tsayar da kuɗin zuwa da na dawowa a hannu kafin a tashi, a san gidan da zai sauka, a san wanda za a kira in ya kwanta ciwo. Kai kuma saurayi, kada ka mayar da kujerar tafsiri wurin yabon alhazai. Ranar da ka fara kiran sunan mai kuɗi a makirufo, talakawan masallacin sun gane, kuma ba za su manta ba.

Mu na gida fa? 'Yan shekarun nan azumi yana faɗowa daidai girbin alkama a fadama, daga nan a shiga sharar gona da kai taki. Yaron da kuka yi wa addu'a a tasha yana da gona, yana da mata, wani yana da tsohuwa. Gayya ɗaya ta samarin makarantar nan ta isa ta kwashe masa alkamarsa. Kwanon gero da ɗan kuɗin cefane a kai gidansa duk mako, liman ya wakilta mutum ɗaya a kan haka, ba a bar wa kowa da kowa ba. Kayan Sallar 'ya'yansa a ɗinka tare da na 'ya'yanku. In ya dawo kuma, a bar shi ya yi barcin kwana biyu kafin a fara zuwa tambayar me ya kawo.

Na ga hannu a can. Bismillah, Malam.

(Mai tambaya: Allah gafarta Malam, in an ga wata a nan ba a gani a can ba, da wa zai yi Sallah? Kuma zakkar fid-da-kai a ina zai fitar?)

Da mutanen da yake cikinsu zai yi. Mu sanarwar Sarkin Musulmi muke jira, su kuma ta ofishin babban limamin ƙasarsu, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, kuma wani lokaci akan samu bambancin kwana ɗaya. Hadisin Kuraibu a Sahihu Muslim ya nuna an ga wata a Sham daren Juma'a, mutanen Madina suka gani daren Asabar, Ibn Abbas kuma ya tsaya a kan ganin Madina. In ya fara azumi a nan ya ƙarasa a can, lissafinsa ya tsaya a 28, sai ya rama ɗaya bayan Sallah. Zakkarsa ta kansa ya fitar a can, mudun Annabi huɗu na abincin da suka fi ci, masara ko shinkafa. Ta matarsa da 'ya'yansa kuwa ya auna gero ya ajiye tun kafin ya tafi, ya wakilta ƙaninsa ko mahaifinsa ya fitar kafin a tafi idi.