Shekarun takarda da shekarun jiki

Jama'a masu sauraro, za ka ga dattawa biyu sa'annin juna, kowa ya cika saba'in, ɗaya na takawa masallaci da ƙafarsa, ɗayan kuwa sai an kama shi ya tashi. Wannan tazarar ce likitoci ke aunawa, suna kiranta shekarun jiki.

A birnin Dunedin na New Zealand an bi diddigin mutum kusan dubu da aka haifa a 1972 da 1973. Da suka kai shekara 38, jikin wasu bai kai na ɗan talatin ba, na wasu kuwa ya doshi sittin. Jikin da ke gaba da shekarunsa shi ne ciwon sukari, hawan jini, ciwon zuciya da na ƙoda suka fi saurin kamawa.

A 2013 wani masanin kimiyya, Steve Horvath, ya fito da ma'aunin shekarun jiki da ke duba wurare 353 a ƙwayoyin gado, amma tsadarsa ta fi ƙarfin talaka. Na wata masaniyar kimiyya, Morgan Levine, na 2018 ya fi sauƙi, don abubuwa tara yake dubawa a jini, ciki har da sukari, aikin ƙoda da alamar kumburi ta CRP.

Akwai kuma wanda ba ya buƙatar allura. A zaunar da dattijo, ya matse na'urar auna damƙa sau uku, a ɗauki mafi ƙarfi. Ƙasa da kilo 27 ga namiji, ko 16 ga mace, alamar tsoka na zaizayewa ce. Sai a sa shi ya tashi daga kujera sau biyar, hannuwa a ƙirji. Idan ya wuce daƙiƙa 15, a bincika. Tafiyar mita huɗu kuma kada ta haura daƙiƙa biyar.

Inda ake tuntuɓe shi ne wajen karanta sakamako. Zazzaɓin cizon sauro na ɗaga CRP, sai ya tsofar da mutum a takarda, don haka a bari ya warke tukuna. Tsohon da ya rame, gwajin ƙodarsa kan fito lafiya lau alhali ƙodar ta gaji, saboda sinadarin da ake aunawa daga tsoka yake fitowa. Mai ƙarancin jini ko sikila kuwa, gwajin sukari na wata uku na iya yaudarar likita, gara a haɗa da na safe kafin karin kumallo.